Shirun Ɗaki

Duk wanda ya yi ƙuruciya a zamanin da talabijin ba ya buɗewa sai ƙarfe huɗu na yamma ya san Ɗakin Ƙarshe. In ya ce maka bai san shi ba, rabu da shi, tsoron ne bai sake shi ba har yau. Wai wasan yara ne, ana nuna shi duk Laraba. Labarin ma ba wani labari ba ne: yara uku an kai su hutu gidan kakarsu, gidan yana da doguwar baranda, a ƙarshen barandar akwai ɗakin da ba a buɗewa. Ba a taɓa nuna abin da ke ciki ba, ko da inuwarsa. Kyamara ce za ta bi barandar a hankali, ta tsaya a bakin ƙofa, kiɗa ya ɗauke, sai a ji numfashi. Shi ke nan fa. Amma wannan numfashin ya sa ƙattin yara fitsari a wando, ya hana wasu zagayawa bayi su kaɗai har suka yi gemu.

Sista, babbar nas a sashen masu ciwon ƙirji, tana da dalilin sanin wasan fiye da kowa, domin mahaifinta ne ya yi masa sauti. A tashar talabijin Kunne ake ce masa. Shi ke haɗa ƙarar ruwan sama da shinkafa a kan faranti, ya yi tafiyar doki da ƙoƙuna biyu, ya karya kara a ce ƙashin mutum ne. Duk waɗannan yana faɗa wa wanda ya tambaya, har da nuni. Numfashin Ɗakin Ƙarshe ne kaɗai bai taɓa faɗar yadda ya yi shi ba. Yau ya ce zugazugin maƙeri ne, gobe ya ce tsohuwar buta ce ya huda, jibi ya yi dariya ya ce sirrin sana'a ne. Ita kuwa Sista ba ta taɓa tsayawa ta saurari numfashin ba. Da kyamara ta kama barandar nan sai ta cusa yatsu a kunne ta kifa kai a cinya, domin a shekarar tana da nata abin tsoron da ya fi na talabijin.

Wata biyu kafin a fara nuna wasan ne ƙanwarta ta rasu. Auta, shekara huɗu, mai asma tun tana goye. Ran nan Inna za ta kai ɗinkin kayan makaranta da ta gama, ta ce wa babbar, mai shekara tara, “Ki zauna da ita, kada ki ɗaga ko nan da ƙofa. In ƙirjin ya tashi ga magani a kan kabad, cokali ɗaya, sannan ki ƙwala wa makwabciya kira.” Auta tana barci lafiya lau. A waje kuma ana tsallen igiya, ana kiran sunan yayar. Ta ce bari ta yi sau ashirin ta dawo. Ta yi ashirin, ta yi ɗari, ta bi 'yan wasan har bayan layi. Da ta dawo ta tarar da ƙofa a wangale, takalman Auta a inda ta cire su, maganin a kan kabad ba a taɓa shi ba. Abin da aka ce kawai shi ne Baba ya dawo daga aiki ya same ta rai a hannun Allah, ya ɗauke ta da gudu, ta cika a hanya.

Ba wanda ya dake ta. Da ma sun dake ta! Ba wanda ya ce mata ko uffan, kuma wannan shirun shi ta ɗauka hukunci. Inna ta zama mai ƙarancin magana har ta koma ga Mahaliccinta shekara shida da suka wuce. Yarinyar ta girma ta karanci aikin jinya, da aka ce ta zaɓi sashe ta zaɓi na ƙirji. Ta yi aure, amma 'ya'yanta biyu sun san uwarsu ba ta barin su da kowa, ko biki ba ta zama ya kai ƙarshe. Shekara talatin da shida tana tashi da abu ɗaya a rai: ita ta kashe Auta da tsallen igiya.

To, ran wata Talata da rana, lokacin hutun shan shayi, ta shiga ɗakin ma'aikata ta tarar da nas-nas sun dunƙule a kan waya ɗaya suna ihu suna dariya. Ashe tashar ce ta tono tsofaffin fayafayanta ta zuba wasan a intanet, kashi goma sha uku cif.

“Sista, zo ki ga aikin babanki!” in ji wata doguwa mai surutu da ake ce wa Rediyo. “Wallahi jiya maigidana ya ce in kashe, wai ciwon kai yake sa shi. Ciwon kai ko tsoro? Mutum da furfurarsa!”

“Ku dai ba ku da aikin yi,” in ji Sista, tana neman kofinta.

“Haba Sista, ko ke ma kina cikin 'yan ciwon kan ne?”

Kafin ta ankara Rediyo ta maƙala mata abin sauraro a kunne. Hoton ya yi dishi-dishi, barandar da ta razana gari guda ashe katako ne da fenti, har ana ganin bangon yana motsi in yaro ya jingina. Ta kusa yin dariya. Sai kiɗan ya ɗauke.

An ja sautin, an yi masa nauyi kamar daga rijiya yake fitowa. Amma kunnen da ya shekara ashirin yana sauraron ƙirjin mutane ba a yi masa wannan wayo. Ja gajere, fitarwa doguwa mai shewa a ƙarshe. Ba zugazugi ba ne, ba buta ba ce. Wannan huhu ne, kuma huhun da hanyarsa ta tsuke. Ta tsaya da kofi a hannu tana ƙirgawa ba da niyya ba. Ɗaya, biyu, uku, sai wani ɗan ƙut, kamar an haɗiyi yawu da ƙyar. Ɗaya, biyu, uku, ƙut. Tsikar jikinta ta tashi har tsakiyar kai. Shekara huɗu ta kwana katifa ɗaya da wannan ƙut ɗin.

“Sa mini kashi na ƙarshe,” ta ce.

“Iye, ashe an kamu!”

“Na ce ki sa mini.”

Rediyo ta dubi fuskarta, ta daina dariya, ta sa. A kashi na ƙarshe yaran uku suna tsaye a bakin ƙofar, numfashin yana raguwa, shewar tana sirancewa, tana nisa, har ta ɗauke ɗif. Aka daɗe ba a jin komai. Sannan yaran suka rungume juna suna murna, wai abin ya tafi. A nan ne duk yaran garin suka yi tafi a wancan zamanin.

Sista ta ajiye kofin. Abu na farko da take koya wa duk sabuwar nas da aka turo mata shi ne wannan: mai asma in yana shewa, da sauran dama. In ƙirjin ya yi shiru ba tare da an ba shi magani ba, ba sauƙi ba ne, iskar ce ta daina shiga. Ki yar da duk abin da ke hannunki ki ruga.

Ta nemi izini ta tafi gida ƙarfe biyu, abin da ba ta taɓa yi ba.

Baba a gidanta yake zaune tun rasuwar Inna, a ɗakin da ke kusa da kicin. Tsufa da sigarin da ya sha a tashar sun cinye masa huhu, akwai silindar oksijin a gefen gadonsa, ita ke sa masa ita ke cire masa. Ta same shi a kan kujera da farar riga a shimfiɗe a cinya, yana gyara maɓalli. A kan tebur ga tsohuwar rikodarsa mai faifai biyu, wadda yake gogewa duk mako kamar gobe za a kira shi aiki.

“A'a, Likita, yau da wuri haka?” Tun tana ƙarama haka yake kiranta. “Gwamma da kika zo. Gobe 'yan tashar za su turo yarinya ta yi hira da ni. Wai sai na faɗa musu sirrin. Me kike gani, in ce musu butar ko zugazugin?”

Ta jawo ƙofa ta rufe. Ba ta zauna ba.

“Baba, numfashin waye?”

Hannunsa ya tsaya a kan maɓallin. Bai ce wane numfashi ba. Wannan kaɗai ya ishe ta, amma ta jira.

“Wa ya gaya miki?”

“Ba wanda ya gaya mini. Yau na ji shi, karon farko. Baba, aikina ke nan fa. Yaushe ka ɗauka?”

“An daɗe.”

“Wace rana?”

Ya saki maɓallin. Sannan ya nuna ƙarƙashin gado da haɓa. Ta durƙusa ta jawo akwatin ƙarfen da yake tara fayafayansa, kowanne a kwalinsa, da rubutun hannunsa mai kyau a gefe: kasuwa da safe, tashar mota, ruwa a kan kwano, kukan jariri. Can ƙasa akwai guda ɗaya da ba a rubuta komai a kai ba. Ta miƙa masa. Hannayensa suka zarga faifan a rikodar, suka bi da zaren ta hanyarsa kamar jiya suka bari. Ya murɗa.

Muryarsa ce ta fara fitowa, ta saurayi, ƙasa-ƙasa. Haka masu sauti ke yi kafin kowane ɗauka: su faɗi rana da wuri. Ya faɗi ranar. Ya ce, “Gida, ɗakin yara, ɗauka na ɗaya.” Ranar ce. Ba ta buƙatar kalanda.

Sai Auta. Ba a ja ba, ba a yi mata nauyi ba, 'yar ƙaramar shewa mai sauri kamar ta ɗan tsako. Ɗaya, biyu, uku, ƙut. Can nesa, ta taga, ana jin igiya tana dukan ƙasa da muryoyin yara suna ƙirga. Sista ta dafa bango.

“Mako biyu ina neman sautin nan,” in ji tsohon, bai ɗaga kai ba. “Na kai wa mai shirya wasan kala bakwai, duk ya ce ba su ba shi tsoro ba. Ya ce in Juma'a ta yi ban kawo ba zai nemo wani. Ran nan na dawo da wuri, rikoda a kafaɗa. Ina shiga na ji ta ta bayan ƙofa. Wallahi Likita, kafin in tuna 'yata ce, gashin jikina ya riga ya tashi. Na ce shi ne wannan.”

“Maganin yana kan kabad.”

“Na gan shi. Na ce minti biyu. Ai kullum tana yi, kullum yana wucewa. Sau nawa muka kwana a zaune da ita, gari ya waye tana wasa?”

Faifan yana juyawa. A cikinsa aka ji motsin katifa, sai 'yar murya, a tsinke, tsakanin ja da fitarwa: “Baba.”

Muryar saurayin ta ce, a tausashe, har da ɗan lallashi, “Shhh. Yi shiru, Auta. Minti ɗaya.”

Ta kuwa yi shirun. Yarinya ce mai jin magana, duk gidan an san dokar: in Baba ya sa abin kunne ya ɗaga yatsa, ko cokali ba a ajiyewa. Shewar ta ci gaba, tana sirancewa. Sista tana ji tana gani a ranta, kafaɗun nan suna hawa suna sauka, leɓen yana canza launi. Ta ji kamar ta kutsa cikin rikodar. Shewar ta yi nisa, ta yi nisa, ta ɗauke.

Faifan bai tsaya ba. Yana ta juyawa, ba komai sai igiyar can waje.

“Me kake jira a nan?” ta ce. “Baba, me kake jira?”

“Shirun ɗaki.”

“Me?”

“Haka aka koya mana. Kowane ɗaki da irin shirunsa. In ka gama ɗauka ba ka kashewa, sai ka bar shi minti ɗaya cif ya ɗauki shirun wurin, don a sami abin cike gurbi wajen haɗawa. Wanda ya dawo ba shirun ɗaki, ba a ɗaukarsa ma'aikaci. Na ɗauka ya lafa ne ta yi barci. Na ji daɗi ma. Idona yana kan allurar rikoda, ina duba agogo. Sai da minti ya cika na juyo na dube ta.”

A faifan aka ji kujera ta faɗi, aka ji salati, sai ƙarar kashewa. Zaren ya ƙare yana kaɗawa, fat, fat, fat, ba wanda ya tsayar da shi.

“Kuma ka kai musu,” in ji ta. “Bayan haka, ka ɗauka ka kai musu.”

“Na yi niyyar ƙonawa. Na kunna ashana ma. Ba mu da hotonta ko ɗaya, kin sani. Nan ne kaɗai take da rai.” Ya share baki da bayan hannu. “Ban san me ya sa na kai ba. Na ce ko in na mai da shi aiki zai zama aiki. Suka ce ban taɓa yin abu mai kyau irinsa ba, har ƙarin girma aka yi mini.”

“Inna ta sani?”

“Larabar farko. Tana kicin ta ji, ta saki faranti. Uwa ce fa.”

Sai wani abu ya faɗo wa Sista, abin da ta gani sau goma sha uku ta ƙasan hannu ba ta fahimta ba. Inna ba ta kallon talabijin, ta ce ɓata lokaci ne. Amma duk Laraba, yara suna ɓoye kai, Inna tana tsaye a bakin ƙofar falo, ta juya wa akwatin baya, ido a rufe. Yarinyar ta ɗauka fuskarta ce uwar ba ta son gani.

“Shekara talatin da shida,” ta ce, sai kukan ya ƙwace mata, ba irin na manya ba. “Shekara talatin da shida ina cewa ni ce! An ce kada in ɗaga, na tafi tsallen igiya. Na ɗauka ita kaɗai ta mutu a ɗaki tana kirana. Na ɗauka shi ya sa Inna ba ta yi mini magana. Ko 'ya'yana ban taɓa bari na yi barci mai nauyi a kansu ba. Kuna kallona, ku biyu!”

Tsohon ya ɗago kai a karon farko. Abin da ta gani a fuskarsa ya fi komai ƙona mata rai, domin ba kunya ba ce, mamaki ne tsantsa.

“Ke?” ya ce. “Wa ya ce ke ce? Haba Likita, ai ke yarinya ce. Ba mu taɓa kawo ki a ciki ba.”

Ka ji fa. Ba ɓoye mata aka yi don a ɗora mata ba, mantawa aka yi da ita. Shi yana fama da nasa, Inna tana fama da nata, ba wanda ya waiwaya ya ga yarinya mai shekara tara tana tsaye da takalman ƙanwarta a hannu. Maganar da za ta raba ta da wannan kaya ba ta fi numfashi ɗaya ba, yanzun nan ya faɗe ta ba tare da ya sha wahala ba.

Ya buɗe baki zai ƙara wani abu, tari ya sarƙe shi. Ya yi, ya yi, ya kasa tsayawa. Farar rigar ta zame ƙasa. Ya dafe hannun kujera, kafaɗunsa suna hawa suna sauka, ƙirjin yana shewa, ya miƙa hannu wajen silindar da ta yi masa nisa. Idonsa ya nemo nata.

“Likita.”

Ta riga ta ɗauko robar da ake sawa a fuska, hannunta ɗaya yana kan makunnin silindar. Jiki ne ya saba. Amma ta tsaya. A saman ƙofa akwai agogon bango, irin mai dogon hannu ja, ta ɗaga ido ta dube shi. Ba ta yanke shawarar komai ba, so kawai take ta san tsawon abin.

Ɗaya. Biyu. Uku. Yana kallonta, ya gane, kuma bai sake miƙa hannu ba. Shida. Bakwai. Jijiyoyin wuyansa suka fito. Tara. A na goma sha ɗaya ta kasa. Ta murɗa makunnin, ta ɗora masa a fuska, ta tallafo ƙeyarsa ta gyara masa zama kamar yadda take yi wa kowane majinyaci.

“Ja a hankali,” ta ce. “Sake ja. Haka.”

Iskar ta shiga. Launin leɓensa ya fara dawowa, hawaye yana bin gefen robar yana sauka cikin gemunsa. Ta zauna a bakin gado da yatsu biyu a kan jijiyar hannunsa. Faifan yana nan yana kaɗa jelarsa a kan tebur, ta miƙa ɗaya hannun ta kashe. Ta sake duban agogon. Jan hannun bai ma kai rabin zagaye ba.

“Sha ɗaya na iya, Baba,” ta ce. “Kai sittin ka yi.”